Allon Daniyel: yadda aikin yake tafiya

Lahadi, 1 ga Yuni, 2025

Kwamitin sashen Hausa na cocinmu a nan Legas ya amince yau. Daga mako mai zuwa, bayan an tashi sujada, duk mai so zai zauna a bencin baya mu yi nazarin wahayoyin littafin Daniyel na Littafi Mai Tsarki a kan mulkokin duniya, wato sura 2 da 7 da 8. Abin da ya sa na dage a kan batun shi ne bidiyoyin da ake ta turo mana a WhatsApp. Wannan mai wa'azi ya ce dabba ta huɗu da Daniyel ya gani a sura 7 Amurka ce, wancan ya ce Tarayyar Turai ce, wani ya rantse Sin ce, kuma kowa da ayarsa a hannu. Mutanenmu yawanci masu gadi ne da 'yan kasuwar Mile 12 da matan aure da ke zaune a bariki, ba su da lokacin bin manyan littattafan Turanci su tantance.

Za mu yi babban allo na yadi da za a riƙa ratayewa a bango, gunkin sura 2 a hagu, dabbobin sura 7 a tsakiya, rago da bunsurun sura 8 a dama. Sai ɗan ƙaramin littafi da kowa zai tafi da shi gida. Na kafa ƙa'ida tun yanzu. Abin da ayar da kanta ta faɗa, da baƙin fenti za a rubuta. Abin da tarihi ya tabbatar, kamar shekarun sarauta da na yaƙi, da shuɗi. Abin da masu fassara suka ce kuwa, ko da ni ma na yarda da shi, ba zai hau yadin da fenti ba. A 'yar takarda za a rubuta shi a maƙala da fil, yadda za a iya cirewa.

Kuɗin hannu: ₦80,000 daga kwamiti, ₦40,000 daga Zumuntar Mata.

Talata, 3 ga Yuni

Farin yadi mai kauri daga Oshodi, yadi 4, ₦10,000. Mota ₦2,000.

Lahadi, 8 ga Yuni

Mun fara da sura 2. Jama'a sun ji daɗin yadda Nebukadnesar sarkin Babila ya yi mafarki ya ƙure bokayensa, ya ce ba fassara kaɗai yake so ba, su fara faɗa masa mafarkin tukuna. Wata mama ta ce da haka ake yi wa masu annabcin zamani da layi ya ragu.

Gunkin da ya gani a mafarkin dai sananne ne: kai na zinariya, ƙirji da hannuwa na azurfa, ciki da cinyoyi na tagulla, ƙafafu na baƙin ƙarfe, tafin sawu rabi ƙarfe rabi yumɓu. Dutsen da ba hannu ya sare shi ba ya bugi sawun, kome ya niƙe, iska ta kwashe. Na sa aka karanta aya ta 36 zuwa 45 a hankali, na ce duk wanda ya ji sunan ƙasa ya ɗaga hannu. Hannu bai tashi ba sai a aya ta 38, inda Daniyel ya ce wa sarkin Babila shi ne kan zinariyar. Sauran ukun "wani mulki", "na uku", "na huɗu" kawai aka kira su. Wasu sun yi mamaki ƙwarai, don sun ɗauka sunan Roma yana rubuce a wurin. To, a gunkin nan gaba ɗaya Babila ce kaɗai ta sami baƙin fenti, da shuɗi a gefe: Nebukadnesar, 605 zuwa 562 kafin haihuwar Yesu (K.H.Y.), birnin ya faɗi hannun Sairus sarkin Farisa a 539.

Wani ɗan'uwa mai sayar da albasa ya kawo tambaya mai kyau. Ya ce in Farisa ce azurfar, ta yaya aya ta 39 ta ce ba ta kai Babila ba, alhali littafin Esta ya ce mulkinta ya kama daga Hindu har Habasha, lardi 127? Gaskiyarsa, a faɗin ƙasa Farisa ta ninka Babila. Ayar ba ta faɗi ta wace fuska ta gaza ba. Abin da ido yake gani shi ne, daga kai zuwa ƙasa daraja tana raguwa, tauri yana ƙaruwa. Na tsaya a nan.

Alhamis, 12 ga Yuni

Hutu ne, na sami mai zanen a shagonsa nan Ketu. Bayarabe ne mai zana allunan masu aski da na gidajen abinci, da Buroka muka yi cinikin. Ya fara da ₦45,000, muka tsaya a ₦35,000, fenti nasa. Na nuna masa hotunan sassaƙar mutanen Babila da Assuriya a waya saboda gemun nan mai murɗe-murɗe da doguwar hula, kada ya zana mana sarkin fim.

Lahadi, 15 ga Yuni

Na tsallake sura 7 da gangan, muka shiga 8, domin a nan ne mala'ika Jibra'ilu ya kama sunan ƙasashe. Aya ta 20 ta ce ragon mai ƙaho biyu sarakunan Mediya da Farisa ne, ta 21 ta ce bunsurun sarkin Girka ne, babban ƙahonsa kuma sarki na fari. Wanda ya riƙe wannan ba zai ɓata da sauƙi a sura 7 ba.

Yau shuɗin fenti ya sami aiki. Ƙahon ragon da ya fito daga baya ya fi ɗan'uwansa tsawo: Mediyawa ne manya da farko, sai Sairus Bafarishe ya ci sarkinsu wajen 550 K.H.Y. Bunsurun ya taso daga yamma ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa saboda gudu: Iskandar sarkin Makidoniya ya ƙetara Asiya a 334, ya ci Dariyus na uku a Isus a 333, ya ƙarasa shi a Gogamela a 331. Babban ƙahon bunsurun ya karye yana cikin ganiyarsa: Iskandar ya mutu a Babila a 323 yana da shekara 32. Ƙahoni huɗu suka maye gurbinsa. An saba jero Kasanda a Makidoniya, Lisimakus a Tarakiya da wani sashen Asiya Ƙarama, Selukus a Suriya da gabas, Talomi a Masar. Na ƙara musu da cewa rabon bai zo da dare ɗaya ba, hafsoshin sun fi shekara 20 suna yaƙar juna kafin abin ya zauna haka bayan yaƙin Ifsus a 301.

Ƙaramin ƙahon da ya tsiro bayan huɗun nan ya hana hadayar kullum, kusan dukan masu fassara sun haɗu a kan Antiyokus na huɗu ne na gidan Selukus, wanda ya yi sarauta daga 175 zuwa 164. A 167 ya ƙazantar da Haikalin Urushalima, a 164 Yahuza Makabi da mutanensa suka tsarkake shi, kuma wannan ne Idin Tsarkakewa da Yahaya 10:22 ya ambata. Duk da haka a takarda zan sa sunansa, tunda Jibra'ilu bai faɗa ba.

Inda muka daɗe shi ne maraice da safiya 2,300 da aya ta 14 ta ce za su wuce kafin a maido da Wuri Mai Tsarki. Wasu sun ce kwana 2,300 ne. Wasu sun ce hadaya ake ƙirgawa, biyu a rana, ya zama kwana 1,150, shekara uku da ɗan ɗori. William Miller, wani mai wa'azi a Amurka, ya ɗauki kowace rana a matsayin shekara, lissafinsa ya kai shi tsakanin 1843 da 1844, mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba, 1844, suna jiran dawowar Almasihu. Ranar ta zo ta wuce. Daga cikin waɗancan mutanen ne ikilisiyar masu sujada ranar Asabar ta fito, kuma har yau suna riƙe da shekarar da wata fahimta dabam. Takardu uku ke nan a kan aya ɗaya.

Asabar, 21 ga Yuni

Na karɓo yadin na kai wa telan layinmu ya kalmashe bakinsa, ya yi masa hanyar zura sanda. Bakano ne, Musulmi, mun saba. Mai zane ya riga ya fitar da ragon da fensir, da telan ya gani sai ya ce, "Malam, wannan ai Zulƙarnaini kuka zana." Ya karanto mini daga Suratul Kahfi, na ba shi labarin sura 8. Na ce masa da yawa daga malaman tafsiri na dā Iskandar suka ce, amma wani malamin Indiya, Abul Kalam Azad, ya ce Sairus ne, kuma har da ragon nan na Daniyel ya kafa hujja. Ya ce zai tambayi malaminsu. ₦3,000.

Lahadi, 22 ga Yuni

Ruwa tun asuba. Ba mu kai goma ba, muka maimaita na makon jiya.

Alhamis, 26 ga Yuni

An yi ɓarna. Ruwan daren jiya ya cika kwata ya shiga shagon mai zane. Ya shimfiɗa yadin a kan wani tsohon ƙyaure don fentin ya bushe, gefen ƙasa yana reto har kusa da siminti, ruwan kuwa ya kai idon sawu. Daga gwiwar gunkin zuwa ƙasa duk ya jiƙe, tokar ƙarfen da jan yumɓun sun cakuɗe sun zama wani ruwan kwata, ga layin laka ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan. Kai da ƙirji da ragon suna nan lafiya.

Shi ya ce a shafe wurin da farin fenti a sake zane a kai. Na ƙi, don yadin zai yi tauri, in an naɗe ya tsattsage, ga wari. Muka daidaita a yanke ƙasan a ɗinka sabo. Yadi ɗaya da rabi ₦4,000, tela ₦2,000. Mai zane ya so cikakken kuɗin sake aiki, na ce ruwa dai a shagonsa ya shiga, muka rabu a ₦8,000. Da na kai wa shugabar Zumunta rahoto ta yi dariya ta ce, "Ɗana, ai dama ƙafafun nan ba su da ƙwari."

Lahadi, 6 ga Yuli

Sura 7, da allon rabi da rabi a bango. Zaki mai fikafikan gaggafa, aka fige shi, aka tsai da shi kamar mutum, aka ba shi zuciyar mutum. Matan suka riga ni cewa wannan ya yi kama da haukan Nebukadnesar da warkewarsa a sura 4. Na nuna musu hoton zakunan tubali masu sheƙi da aka tono a babbar hanyar Babila, waɗanda da yawansu suke gidan tarihi a Balin ta Jamus yanzu. Sai beyar mai gefe ɗaya a ɗage da haƙarƙari uku a baki, waɗanda aka saba cewa Lidiya da Babila da Masar ne. Beyar ɗin mai zanenmu ta fito kamar kurar da ta ƙoshi, amma tunda ba wanda ya taɓa ganin ta gaske a cikinmu, an bar ta. Sai damisa mai fikafikai huɗu da kai huɗu. Ta huɗun ko sunan dabba ba a ba ta ba, haƙoran ƙarfe kawai da ƙahoni goma, da ƙaramin ƙaho mai idanu da bakin fahariya.

A nan hanya ta rabu biyu, kuma duka na shimfiɗa musu. Ta farko: Babila, Mediya da Farisa, Girka, Roma. Ita ce ta malaman ikilisiya na dā, Hifolitus a farkon ƙarni na uku bayan haihuwar Yesu, da Jerom wanda ya rubuta sharhinsa a Baitalami wajen 407, kuma ita yawancinmu muka taso muna ji. Ta biyu: Babila, Mediya, Farisa, Girka, ƙaramin ƙahon kuma Antiyokus. Yawancin masana a jami'o'i yanzu ita suke bi, kuma da yawansu suna ganin a zamanin Antiyokus littafin ya kammala. Wani mai adawa da Kirista, Forfiri, ya faɗi haka game da lokacin rubutun tun ƙarni na uku, Jerom ya mayar masa da martani. Amma ba maƙiya kaɗai suka ga Girka a dabba ta huɗu ba, tsofaffin malaman ikilisiyar Suriya ma haka suka karanta.

Ni na fi karkata ga ta farko. Sura 8 ta haɗa Mediya da Farisa a jikin rago guda, kuma kawuna huɗun damisar sun yi daidai da ƙahoni huɗun bunsurun. Sai dai ɗaya ɓangaren ba hannu wofi suka zo ba. Ƙaramin ƙaho na sura 7 da na sura 8 halinsu kusan ɗaya ne, girman kai da tsananta wa tsarkaka. Garwayuwa ta hanyar aure da 2:43 ta ce ba za ta ɗore ba, ga ta nan a 11:6 da 11:17, inda gidan Talomi da na Selukus suke ba juna 'ya'ya mata abin yana watsewa. Saboda haka Roma ta hau takarda, Girka ma a takarda kusa da ita. Wasu ba su so haka ba.

Lahadi, 13 ga Yuli

Zaman yau ya yi zafi. Baba, dattijon ikilisiya mafi shekaru a cikinmu, ya zo da takardarsa a rubuce, yana so a sa Tarayyar Turai a yatsun gunkin, kuma da fenti. Ya ce yana saurayi a arewa lokacin da ƙasa ta goma ta shiga ƙungiyar, da kunnensa ya ji masu wa'azi suna cewa yatsu goma sun cika.

Na ce, "Baba, abin da kuka ji ya faru. A 1981 Girka ta shiga suka zama goma. Amma a 1986 Sifen da Fotugal suka shigo suka zama 12, aka yi ta ƙaruwa har 28, da Birtaniya ta fita a 2020 suka koma 27."

Ya ce, "Yaro, yarjejeniyar da ta kafa su a ina aka sa mata hannu? Ba a Roma ba?"

A Roma ne, 1957, ban musa ba. Na roƙe shi dai ya karanta mana 2:41 da 42. Ya karanta, ya sake karantawa. An ambaci yatsu, ba a ƙirga su ba. Goman nan daga ƙahonin sura 7 aka ɗauko aka kawo nan.

Kafin a huce wani matashi mai tuƙa Keke ya fito da waya: zaki Ingila, fikafikan gaggafa Amurka, beyar Rasha. Na ce to a ina za mu ajiye Babila da Farisa da Daniyel ya zauna a ƙarƙashinsu? Kuma irin wannan ba yau aka fara ba. Bayan mulkin Roma ta yamma ya ƙare a 476 an yi ta jero kabilu goma da suka gāje ta, jerin wannan bai zo ɗaya da na wancan ba. Masu gyaran ikilisiya da yawa sun ce ƙaramin ƙahon Fafaroma ne. Martin Luther, lokacin da rundunar Daular Usmaniyya ta kewaye birnin Biyana na Austriya a 1529, ya ce Turkawa ne. Daga baya an liƙa wa Napoleon, an liƙa wa Hitler. A ganina kowane zamani wanda ya fi ba shi tsoro yake sa wa ƙahon.

Shugabar Zumunta ce ta raba gardamar. Ta ce a ware kusurwa ɗaya a ƙasan allon a rubuta "Abin da aka taɓa faɗa", kowace takarda da shekararta. Baba bai sauka daga ra'ayinsa ba, ya ce lokaci zai nuna. Amma ya yarda tasa ta shiga kusurwar, da sharaɗin da hannunsa zai maƙala.

Alhamis, 17 ga Yuli

Shomolu, wurin masu ɗab'i. Na kai musu rubutun ɗan littafin a filashi, shafi 24. Da gwajin farko ya fito, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke an sami ɗan akwati fanko. Shafin da ya fi shan wahala shi ne na ƙafafun ƙarfe da yumɓu da ƙahoni, kusan kowane layi da ramuka. Yaron da ke kan kwamfutar ya ce a mayar da su k da d da b kawai, wa zai lura? Na ce mutanenmu za su lura. Matsalar ita ce salon haruffan da na yi amfani da shi babu a na'urarsu. Muka kira wata 'yar ƙungiyar matasa da ta iya kwamfuta, ta mayar da shi PDF daga gida ta turo, ya fito daidai. Gwajin da ya lalace ₦1,500, a kanmu.

Takarda ta yi tsada fiye da lissafin watan jiya. Kwafi 100 na yi niyya, kuɗin ya tsaya a 80, ₦52,000. Mota ₦2,000.

Lahadi, 20 ga Yuli

Taron Zumunta na gunduma, ba a yi aji ba. Allon ya dawo cikakke. Ɗinkin gwiwa ba ya nunawa sai an matso.

Lahadi, 27 ga Yuli

Dutsen, da zaman shari'ar 7:9 zuwa 14. An kafa kursiyai, an buɗe littattafai, aka kashe dabba ta huɗu, aka ba wani mai kama da ɗan mutum mulkin da ba ya ƙarewa. Muka buɗe Markus 14:62, inda Yesu ya ɗauki maganar nan a gaban babban firist. Aya ta 18 da ta 27 kuma sun ce tsarkakan Maɗaukaki za su karɓi mulkin. Na ba su labarin Yosifus, Bayahuden nan marubucin tarihi da ya zauna a Roma a ƙarni na fari. Ya ba da labarin gunkin tiryan-tiryan, da ya iso kan dutsen sai ya ce shi abin da ya wuce yake rubutawa, mai son sani ya je ya karanta Daniyel. Wanda yake cin abincin Romawa ba zai so ya faɗi abin da dutsen zai niƙe ba.

Wani ɗan'uwa mai gadi a Lekki, wanda da ƙyar ake jin muryarsa, ya lura da abin da ya wuce mu duka. Ya ce ko Roma ce ta huɗun ko Girka, layin ƙarshe na allon, wato mulkin da ba ya ƙarewa, bai canja ba, kuma da baƙin fenti yake daga 2:44 har 7:27. Mai zane ya yi rubutun layin ƙanana, za a ƙara masa girma.

An raba littattafai. Kwamiti ya sa ₦500 ga mai hali, tsofaffi kyauta.

Lahadi, 3 ga Agusta

Lissafi: an kashe ₦119,500, saura ₦500. Kuɗin littattafai da ya shigo zuwa yau ₦21,000, yana hannun ma'aji.

Fil ɗin da muke maƙala takardu ya fara tsatsa saboda laimar damina, yana barin jan tabo a yadin. Tela ya ce ya ɗinka ƙananan aljihuna na farar leda a zura takardun a ciki, ya nemi ₦4,000. Sandar tsintsiyar da muka rataye allon da ita ta lanƙwashe, sai an sayi bututun ƙarfe.

Masu aji suna so a wuce sura 9, inda annabcin bakwai-bakwai saba'in yake. Ni na fi son mu yi sura 5 tukuna, don akwai shuɗi mai yawa a ciki: Belshazzar, sarkin da surar take magana a kansa, ɗan sarki Nabonidus ne, ya riƙe Babila lokacin da uban ya yi shekaru a Taima ta ƙasar Larabawa, da yawa kuma suna ganin shi ya sa matsayi na uku a mulkin ya yi wa Daniyel alkawari, ba na biyu ba. Daga nan sura 11, wadda ba za ta koyu ba sai da taswirar Masar da Suriya da Yahudiya a tsakani. Zan tambayi mai zane kuɗin taswirar ranar Talata, kuma wannan karon a ɗakin ajiyar coci zai yi aikin, a kan tebur.